Daga Jos Zuwa Ikko a Jirgin Sama: Nisa da Lokaci

Edita ya roƙe ni in rubuta darasi guda wanda zai amfani waɗanda su ke shirin fita gwajin koyarwa. Na yi ta tunanin abin da zan zaɓa, daga baya na ga babu wanda ya fi cancanta kamar wani lissafi da ni kaina na taɓa faɗuwa a kansa, ba a gaban aji ba, a gaban kawuna. Bari in fara ba ku labarin, sa'an nan mu shiga darasin.

Yadda Na Jawo wa Kawu Hasara

A watan Janairu na 2023 kawuna, wanda ya ke fataucin dankalin Turawa a nan Jos, ya tashi zuwa Ankara ta ƙasar Gana, wajen ɗaurin auren 'yar ƙanensa da ke zaune a unguwar Nima. Sai ya fara sauka Ikko, watau Legas, kana ya sake jirgi. Da ya ke ni ne malamin lissafi a gidan, sai ya zo mini da maganar.

Ya ce, "Ɗan nan, jirgin Jos zai tashi ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na Ankara kuwa ƙarfe biyu na rana. In sayi tikitin biyun, ko kuwa in kwana a Ikko?"

Na ɗauko takarda. Na san nisan kilomita 700 ne, na kuma san jirgi yana cin kilomita 800 a awa. Na raba, na sami minti 52 da rabi. Na ce, "Kawu, kafin sha biyu ta buga kana Ikko. Kana da rarar awa biyu cur. Don me za ka ɓata kuɗin kwana?"

Ran tafiya aka tashi da hazo. Jirgi bai motsa ba sai sha biyu. Ba a buɗe musu ƙofa a Ikko ba sai ɗaya da kwata, kaya kuma ba su fito ba sai biyu saura minti ashirin. Ga shi ginin masu tafiya cikin gida dabam, na masu fita waje dabam, sai an shiga mota tsakaninsu. Ko da ya isa, ya tarar an rufe karɓar fasinja tun ƙarfe ɗaya. Ya kwana wurin wani ɗan'uwa a Agege, ya biya kuɗin sake tikiti, bai sami gurbi ba sai kashegari da la'asar. Ya isa Nima an riga an raba goro an watse.

Da ya komo bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kurum shi ne, "Malam, ashe jirginka na takarda ya fi na sama sauri." Har yau in na tuna sai in ji kunya. Na so in ɗora wa hazo laifi, amma da na zauna na sake dubawa, sai na ga ko da sama ta yi garau, da ƙyar zai tsira. Rabawar da na yi daidai ce, amsar ce ba ta gaskiya ba. Yadda haka ta ke yiwuwa shi ne darasinmu.

Filayen Biyu

Da fari mu san wuraren da mu ke aunawa. Ba daga tsakiyar Jos a ke auno ba. Tsohon filin jirgi yana cikin gari, inda har yanzu a ke kiran hanyar wurin da sunansa, amma wanda a ke aiki da shi yana Heipang, cikin ƙasar Barikin Ladi, wajen kilomita 30 kudu da gari. An sa masa sunan Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Na Ikko kuwa yana Ikeja, yana ɗauke da sunan Janar Murtala Muhammed tun 1976. To, in an ce nisan Jos da Ikko a jirgin sama, ana nufin daga Heipang zuwa Ikeja ne.

Auna Nisa da Taswira

Hanya mafi sauƙi, wadda ko 'yan aji biyar za su iya, ita ce ta rula da taswira. Ku sami taswirar Nijeriya, ku dubi ma'auninta a gindi. In an rubuta 1:5,000,000, ma'anarsa santimita guda a takarda ya tsaya a madadin kilomita 50 a ƙasa. Ku ɗora rula daga Jos zuwa Ikko, za ku sami wajen santimita 14. Sha huɗu sau hamsin, 700 ke nan. Ga dattawan da su ka saba da mil, mil guda kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya, saboda haka nisan ya kama mil 435.

Ku lura, wannan miƙaƙƙen nisa ne, irin na tafiyar shaho. Mai mota kuwa dole ya gangara daga kan dutse, ya bi inda a ka shimfiɗa hanya, ya nemi gadar da zai ƙetare Kwara, sai ya ci kusan kilomita dubu kafin ya ga Ikko. Ashe ba gudu kaɗai jirgin sama ya fi mota da shi ba, har da yanke.

Auna Nisa da Digiri

Hanya ta biyu ta ɗaliban kwaleji ce, ba ta bukatar rula. Kun san layukan nan da a ka zana a jikin taswira, na kwance da na tsaye. Na kwance suna faɗa mana nisan wuri daga Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Na tsaye suna faɗa mana nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinic ta Ingila. Kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne, an kuwa kasa shi digiri 360. In kun raba, kowane digiri ya tashi a kilomita 111.

Filin Heipang yana kan digiri 9.64 arewa, 8.87 gabas. Na Ikeja yana kan 6.58 arewa, 3.32 gabas. Mu ɗebe:

Daga arewa zuwa kudu: 9.64 a ɗebe 6.58, saura 3.06. Sau 111, kilomita 340.

Daga gabas zuwa yamma: 8.87 a ɗebe 3.32, saura 5.55. Sau 110, kilomita 610.

Mai lura zai ce, don me a nan na yi da 110, ba 111 ba? Ku ɓare lemo ku dubi ɓangarorinsa. A tsakiya suna da faɗi, amma suna ta tsukewa har su haɗu a sama da ƙasa. Haka layukan tsaye su ke. A kan Ikwaita tsakaninsu kilomita 111 ne, a wajenmu ya ragu zuwa 110, a London bai wuce 69 ba, a can ƙuryar arewa kuwa sun haɗe sarai.

Yanzu mun sami alwatika mai kusurwa a tsaye: gefe guda 340, gefe guda 610, hanyar jirgi ita ce doguwar. Sai mu kira dokar Fitagoras. 340 sau 340 ya ba mu 115,600. 610 sau 610 ya ba mu 372,100. A tara, 487,700. Lambar da za a riɓa da kanta ta ba da wannan ita ce 698, watau 700 ba biyu. Kun ga rula da digiri sun yi shaida iri ɗaya.

Amma ga gargaɗi. Wannan dabara tana ci ne a gajeriyar tafiya, inda za a iya ɗaukar ƙasa kamar a baje ta ke. In tafiya ta yi nisa, kumburin duniya sai ya shigo cikin magana. Ku ɗauki taswirar nan mai kama da ƙwallo, ku dafe zare a Ikko, ku ja shi ya miƙe tsaf zuwa birnin Niyok na Amurka. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi gajarta. In kun mai da ita kan taswirar bango, za ku ga ta lanƙwashe kamar baka. Ba matuƙi ne ya ɓata ba, taswirar ce ba ta iya shimfiɗa abu mai kumburi ba tare da ta ja shi ba.

Wani abu kuma, matuƙa ba su aiki da kilomita. Ma'auninsu mil na teku ne, mai mita 1,852, wanda ya yi daidai da kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A bakinsu Jos zuwa Ikko wajen mil 378 ne. Kada ku ruɗe in kun ga lambobi uku dabam dabam, 700 da 435 da 378, duk nisa guda ne.

Inda Lissafina Ya Karkace

Mun koya wa yara cewa lokaci shi ne nisa a raba da gudu. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai gudun ya zama bai sake ba tun daga farko har ƙarshe. Wannan sharaɗi shi na manta. Jirgi ba ya barin ƙofa da gudun 800, ba ya kuma isa da shi. Tafiyarsa hawa-hawa ce.

Na farko, akwai tafiyar ƙasa. In an rufe ƙofa, jirgi yakan gangara sannu sannu kamar motar da ta shiga kasuwa, har ya kai bakin titin tashi, ya jira izni. Bayan ya sauka ma haka. Lokacin da a ke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga mazauninsa, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cik a wancan gefe.

Na biyu, hawa. Jirgi yana neman sama ne domin a can iska ba ta da kauri, ba ta tare shi da yawa, mai kuma ba ya ƙonewa da sauri. Amma kafin ya kai ƙafa dubu talatin sai ya yi minti goma sha wani abu yana hawa, gudunsa bai cika ba. A ƙasashe da yawa ma doka ce, in jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000 kada ya wuce wajen kilomita 460 a awa, saboda a nan ne jirage su ke cunkushewa.

Na uku, tafiyar sosai a can ƙoli. A nan kaɗai a ke samun 800 ɗin da na yi aiki da shi.

Na huɗu, gangarowa. Jirgi ba ya faɗowa kamar shirwa a kan ɗan tsako. Matuƙa suna da ƙa'ida: kowace ƙafa dubu da za a sauko tana son mil uku na teku. Wanda ke ƙafa 30,000 sai ya fara sassautowa tun da sauran mil 90, watau kusan kilomita 170. A fili mai yawan jirage irin na Ikeja kuma, mai hasumiya yakan sa a bi layi, wani lokaci har a yi shawagi ana jira.

Ga misali da na tsara domin allo. Ba na wani jirgi takamaimai ba ne, amma yana kusa da abin da a kan gani:

Tafiyar ƙasa, tashi da sauka: minti 10.
Hawa: kilomita 170, minti 18.
Tafiyar ƙoli: kilomita 330, minti 25.
Gangarowa: kilomita 200, minti 22.
Jimla: kilomita 700, minti 75.

Awa ɗaya da kwata ke nan, daidai da abin da jirgin Kawu ya ci. Kun ga bai ko kai rabin hanya da cikakken gudunsa ba.

Daga nan na fitar wa kaina da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: raba nisa da 800, sa'an nan ka ƙara minti 25. Mu gwada ta. Daga Heipang zuwa Kano wajen kilomita 270 ne: minti 20 da 25, ya zama 45. Zuwa Abuja wajen 190: minti 14 da 25, kusan 40. Daga Kano zuwa Jidda wajen 3,400: awa huɗu da kwata da minti 25, awa huɗu da minti 40. Ku duba da kyau. A tafiyar Jidda ƙarin nan ɗan kaɗan ne, wanda ya manta da shi bai yi ɓarna mai yawa ba. A tafiyar Abuja kuwa ƙarin ya fi asalin yawa. Saboda haka gajeriyar tafiya ta fi kā da mai lissafin takarda. Ku tuna kuma ƙa'idar ta jirgin jet ce. Mai farfela gudunsa bai kai haka ba, sai a sake lambar.

Iska da Hazo da Tsawon Dutse

Jirgi a cikin iska ya ke iyo, kamar kwalekwale a kogi. In iska tana bayansa ta ƙara masa, in tana gabansa ta rage. Wani zai ce ai abin da a ka rasa a zuwa a mayar a komowa. Ba haka ba ne, ga kuwa hujja. A ce jirgi yana cin 700 a awa, nisa kuma 700. Ba iska: awa guda zuwa, awa guda komowa, minti 120. A ce kuma akwai iska mai gudun 100. Da ita a baya gudu ya zama 800, minti 52 da rabi. Da ita a gaba ya zama 600, minti 70. Jimla 122 da rabi. Dalili shi ne jirgi ya fi daɗewa a hannun iskar da ke cutarsa bisa ga wadda ke taimakonsa. A kan tekun Atlantika, inda wata iska mai ƙarfi ke kaɗawa daga yamma a can sama, zuwa Niyok daga London yakan fi komowa daɗewa da wajen awa guda.

Mu a nan abin da ya fi damunmu hazo ne da hadari. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Sahara. Hazo ba ya rage gudun jirgi, amma in matuƙi ba ya hangen titi gwargwadon yadda doka ta ce, ba zai sauka ba, wanda kuwa bai sauka ba ba zai ɗauke ka ba. Da damina kuma, in hadari ya taso a kan hanya, sai a kewaye shi, nisa ya ƙaru.

Jos tana da nata hali. Filin Heipang yana bisa teku da wajen mita 1,290, na Ikeja kuwa kusan a bakin ruwa ya ke. Iskar kan dutse ta fi ta Ikko rashin kauri da wajen kashi 12 cikin ɗari. Fukafukai da inji duka da iska su ke aiki, saboda haka jirgi yana bukatar doguwar gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, balle da rana tsaka in an yi zafi.

Agogo Ma Yana Ruɗi

Daga Jos zuwa Ikko agogo ɗaya ne, ba wahala. Amma da an ƙetare iyaka sai a yi hattara, gama lokacin da ke kan tikiti na garin da a ke ciki ne. Duniya tana juya digiri 15 a awa guda, shi ya sa ƙasashe su ka bambanta agogonsu. Gana tana bayanmu da awa ɗaya. Daga Ikko zuwa Ankara wajen kilomita 400 ne, minti 30 da 25, watau 55. Wanda ya tashi ƙarfe biyu sai ya sauka agogon Ankara yana cewa biyu saura minti biyar. Ku ba yara wannan a matsayin kacici-kacici, ku ga yadda aji zai ɗauka. Saudiyya kuwa tana gabanmu da awa biyu. Alhajin da ya bar Kano ƙarfe takwas na safe zai ga agogon Jidda ya nuna uku saura minti ashirin, alhali awa huɗu da minti 40 kaɗai ya yi a jirgi.

Jiya da Yau

Nisan bai taɓa sakewa ba, lokacin ne ya yi ta raguwa. Jiragen sama na farko sun sauka Kano a 1925, guda uku na sojan Ingila da su ka taso daga Masar suna yada zango. A 1927 reshen dogo daga Kafancan ya iso Jos, tafiyar Ikko kuwa a jirgin ƙasa sai an kwana a hanya. A 1946 a ka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, wanda Nigeria Airways ya gāje shi a 1958, shi kuma ya daina aiki a 2003. Jirgin nan Dakota mai farfela biyu, wanda a ka yi aiki da shi a wancan zamani, yana cin wajen kilomita 280 a awa. Ku raba 700 da shi, awa biyu da rabi ke nan, in bai tsaya ko'ina ba.

Lissafin Matafiyi

Abin da Kawu ya tambaye ni ba lokacin da jirgi zai yi a sama ba ne. Tambayarsa ita ce, zan sami jirgi na biyu? Da na saurara sosai, da na lissafa haka: jirgi awa ɗaya da kwata, jiran kaya rabin awa, sake gini rabin awa, rufe karɓar fasinja awa guda kafin tashi. Jimla awa uku da kwata, shi kuwa awa uku gare shi. Tun ba a sa hazon Janairu a ciki ba ya riga ya makara. Amsar da ta kamata ita ce, "Kawu, tafi tun jajibere ka kwana." Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, 'yan'uwana masu fita gwaji, ga abin da ni ke roƙonku. In yaro ya kawo muku amsa, kada ku tsaya ga duba rabawarsa kaɗai. Ku tambaye shi, wane sharaɗi ka ɗauka? Abin nan haka ya ke faruwa a duniya? Yaron da ya saba da wannan tambaya ba zai tsaya ga jirgi ba, zai yi ta a kan taki da gona, da bashi da riba, da maganin da a ka ce a sha sau uku.

Aikin Yi

1. Filin Kano yana kan digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Ku fitar da nisansa daga Heipang, kuna ɗaukar digirin tsaye a kan kilomita 109.

2. Jirgi mai farfela yana cin kilomita 500 a awa. Minti nawa zai yi daga Jos zuwa Ikko, in an ƙara masa minti 20 na tashi da sauka?

3. Jirgi ya bar Ankara ƙarfe huɗu na yamma. Ƙarfe nawa agogon Ikko zai nuna sa'ad da ya sauka?

4. Malami yana da taro a Abuja ƙarfe goma na safe. Ku lissafa masa tafiyar jirgi tun daga ƙofar gidansa a Jos har ƙofar ɗakin taro, ku gwada da ta mota, ku ba shi shawara, ku faɗi dalili.

Wanda ya gama ya kawo mini ofis kafin ranar Jumma'a. Tambaya ta huɗu ba ta da amsa guda, ita ce kuwa zan fi dubawa. Allah ya ba da sa'a, ya kai ku makarantunku lafiya.